Kada Ku Ɗaga Shi

"Umma, ki saki ƙafar mana. Ki bar min nauyinta, kada ki taya ni."

"Yo ni da ƙafata a ce kada in taya? Tun safe kike naɗe ni kina warwarewa kamar tabarma, Auta. Wannan karatu naki ni zai fara kaiwa asibiti."

Auta ta yi dariya, amma iyakarta leɓe. Ta tallafi dunduniyar Umma da hannun hagu, ta sa na dama a ƙarƙashin gwiwa, ta lanƙwasa a hankali. Ba gwiwar take kallo ba. Yatsunta take gadi, kada su fara abin da suka yi mata bara.

Gobe da safe ne jarabawar. Ita ce ta ƙarshe ga masu karatun gashin ƙashi, wadda sai ka haye ta ake ba ka lasisin taɓa majinyaci. Ta rubutu an yi, ta ci. Saura ta hannu, inda za a kwantar maka da mutum a gado, malamai su kewaye ka da fuska kamar an yi musu rasuwa, a ce to bismilla, nuna mana. A nan ta faɗi bara. Ba rashin sani ba ne. Hannunta ne ya kama rawa tana riƙe da kafaɗar wani tsoho, har tsohon ya ce, "'Yar nan, ko ni zan riƙe ki?" Kuma sau ɗaya ake yin ta a shekara.

Da lasisi ne kaɗai, da da sauƙi. Amma Baba ya rataya wa jarabawar wani kaya a wuya.

"In kin ci, Kafinta ya turo manyansa, zan saurare su. In kin sake faɗi, na rufe maganarsa, kada in ƙara jin sunansa a gidan nan."

Sau ɗaya ya faɗa. Kowa a gidan ya san Baba, ba a taɓa ganin ya yi amai ya lashe ba.

Laifin Kafinta kuwa ba wani mai tsawo ba ne. A shagon Yaya, babban wan Auta, ya koyi riƙon zarto. Da hannunsa ya faɗa sai ya yi sallama ya buɗe nasa, masu sayen kujeru suka bi shi kamar kaji sun ga mai tsaba. Tun ranar Yaya ya cire masa suna ya sa masa Butulu. Sai kuma ga shi duk matan garin Butulu bai ga wadda ta yi masa ba sai autar gidan su Yaya. Ana wata ga wata.

Shi Yaya yana da nasa gwanin: Mai Motoci, abokinsa, mai tumbi da zobba, wanda turarensa ke riga shi yin sallama. Ya sha faɗa a gaban Auta, yana kaɗa makulli, "Ni matata ba za ta riƙa murza cinyar ƙarti da sunan aiki ba. Ranar da kika shigo gidana littattafan nan sun zama na hura gawayi." Shi a fili yake addu'ar ta faɗi. Yaya a zuci yake tasa.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Umma ta janye ƙafarta ta gyara zani.

"Ga mutumin naki nan. Ni dai na ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma kin nace sai kin gwada a kan gado. Ya ajiye ya juya, kin ji ko? Kafin yayanki ya dawo."

Gaskiya ce, ita ta nace. A tabarma take ta gwaji, alhali gobe a tsaye za ta yi, a bakin gado mai tsawon ƙugu. Ta taɓa faɗa wa Kafinta a waya cikin ƙorafi, shi kuma ya je ya ƙera.

Ya shigo da gadon a goye a bayansa, dogo siriri, garin katako fal gashin girarsa. Ya durƙusa da kayan a haka ya gaishe da Umma, sannan ya nufi bene, inda ɗakin karatun Auta yake. Matakalar ta siminti ce, ƙunci gare ta, kuma ba ta da ƙarfen dafawa. Tun da aka gina ta Baba ke cewa wata mai zuwa za a sa.

A sama ya jingine gadon da bango, ya yarfe hannu yana cije leɓe.

"Me ya samu hannun?"

"Ba komai, Likita. Ɗan murɗewa ya yi a kwana."

"Ban zama likita ba tukuna. Kawo in gani."

Ba ta yi tunani ba. Wanda ya shekara yana kama gaɓɓan mutane, hannunsa ke riga hankalinsa. Ta kama wuyan hannunsa, ta danna da babban yatsa, ta juya shi dama da hagu.

"Nan ne?"

"In na ce nan ne za ki saki, ai gara in ce ba nan ba ne."

"Allah ya shirye ka."

"Kin ga hannunki kuwa? Ko motsi ba ya yi. Wallahi gobe sai dai su..."

"BUTULU!"

Muryar ta taho daga tsakar gida kamar an fasa tulu. Yaya ne a tsaye, idonsa a sama, Mai Motoci a bayansa yana murmushin wanda ya ce ai na faɗa maka.

Auta ta saki hannun, amma an riga an gani.

Yaya ya haye matakalar kamar an koro shi. Bai tambayi komai ba. Ya cakumi kwalar Kafinta ya maka shi da bango, ya zabga masa mari, ya ƙara da bayan hannu. Leɓen Kafinta ya fashe.

"A gidan ubana? A saman benen ubana kake riƙe da hannun ƙanwata?"

"Yaya, ni na kama shi! Wallahi dubawa nake!"

"Rufe min baki!"

Ya tunkuɗe ta da gwiwar hannu, ta bugu da ƙofar ɗaki. Kafinta ya haɗa hannuwansa biyu a baya, jini na sauka a haɓarsa.

"Oga, ka dake ni yadda kake so. Ni ba zan ɗaga maka hannu ba. Kai ka koya min sana'a."

Da ya rama, da wataƙila Yaya ya huce. Amma babu abin da ke ƙona mai fushi kamar a ƙi tanka masa. Ya kai masa naushi a ciki, Kafinta ya duƙe. Ya ɗago shi da gashi ya sa masa goshi a hanci. Umma na ihu daga ƙasa tana kiran sunan Allah, Mai Motoci na cewa, "A koya masa hankali dai, a koya masa." Shi bai hau ba, tumbinsa da bene ba sa ga maciji.

"Yaya, bayansa! Matakala!"

Ko bai ji ba, ko ya ji. Ya ɗaga ƙafa ya tokari ƙirjin Kafinta.

Kafinta ya miƙa hannu neman abin kamawa, ya kamo gefen gadon, suka tafi tare. Ƙeyarsa ta daki bakin matakala, jikinsa ya wuntsila ta kan wuyansa, ya gangara har ƙasa. Gadon ya bi shi, ya daki bango, ƙafar gadon ɗaya ta ɓalle ta yi tsalle gefe.

Gidan ya yi tsit.

Auta ba ta san yadda ta sauko ba. Ta ganta dai a ƙasa, mayafinta ya tsaya a wani wuri a hanya. Kafinta na kwance rigingine, idonsa a buɗe, jini na malala daga ƙeyarsa.

"Kana jina? Kada ka motsa. Me kake ji?"

"Wuyana... Hannuwana kamar lantarki na ja na, Likita. Har yatsu."

Ta san wannan amsar, ta karanta ta har ta haddace. Ƙashin wuya zobba ne a jere, laka na bi ta tsakiyarsu. In zobe ɗaya ya tsage, motsi kaɗan ya isa ya yanke lakar, daga nan kuma mutum sai dai a kwantar a tayar har ya koma ga Allah.

Ta zagaya ta saman kansa ta durƙusa. Ta kafa gwiwoyin hannunta a ƙasa, ta shimfiɗa tafukanta a gefen kansa biyu, ta rufe kunnuwansa, ta riƙe. Dokar guda ce, kuma ba ta da sai dai: hannun da ya kama kan nan ba ya saki sai an ɗaura wa wuyan abin tallafi.

Mai Motoci ya matso, murmushin ya gudu.

"Kai, mu kama shi mu jefa a mota, a ajiye shi a ƙofar shagonsa. Kada ya mace a nan ya ja mana 'yan sanda."

Ya sunkuya ya kama ƙafar Kafinta.

"KADA KU ƊAGA SHI!"

Ita kanta ba ta san tana da wannan muryar ba. Mai Motoci ya saki ƙafar kamar ya taɓa garwashi.

"Wallahi duk wanda ya ja shi ya kashe masa jiki. Umma, wayata na kan tabarma. Ki kira Malama, ki kara min a kunne."

Umma ta kawo, ta kara mata a kunne. Auta ta yi wa malamarta bayani a gajarce. Malama ta ce motar asibiti za ta taso yanzu, amma hanya a cushe take. "Kin riƙe kan? To kada ki saki, ko gidan ne ya kama da wuta."

Yaya ya sauko a hankali yana huci. Shi bai ga laka ba, bai ga zobba ba. Abin da ya gani shi ne ƙanwarsa ba mayafi, durƙushe, ta rungume kan namiji, fuskarta a saman tasa kamar za ta haɗiye shi. Kuma ihun Umma ya riga ya tara maƙwabta, ga kawuna nan a bakin ƙofa.

"Tashi."

"Yaya, wuyansa ne. In na saki..."

"Na ce ki tashi! Ƙarya yake, langaɓewa ce irin ta butulu. Ke kuma kin samu abin da kike so, ko? A gaban mutane?"

"Ka bari motar ta zo, ka yanka ni in kana so."

Ya zare bel ɗinsa.

Na farko ya sauka a gadon bayanta, ta ji kamar an zuba mata tafasasshen ruwa. Na biyu a kafaɗa. Na uku kan ƙarfen ne ya samu damtsenta, fata ta tashi. Ta cije haƙora, ta tura zafin duk cikin cinyoyinta da bayanta, ta hana shi isa hannu. Jikinta na girgiza, tafukan na nan inda ta ajiye su.

"Sake ni, Auta," in ji Kafinta, hawaye na gangara ta gefen idonsa yana shiga tsakanin yatsunta. "Don Allah ki sake ni. Zai illata ki."

"Yi shiru."

"Gobe fa kina da jarabawa. In ya taɓa hannun nan mun rasa komai. Ni na yarda, ko me zai same ni..."

"Ka yarda? Ka san me kake cewa kuwa? Na wanke masu irin wannan ciwon, Kafinta. Na juya su, na share musu yawu, na ga matansu na kuka a bayan labule. Kai da ko zama ba ka iya yi sai kana fiƙe wani abu? In ci jarabawa in auri wa? In auri gado?"

"To in kin faɗi ai ba ki da ni."

"Gara in rasa ka kana tafiya da ƙafarka."

Umma ta faɗa kan bayan Auta ta rufe ta da jikinta, bel na huɗu ya same ta a hannu.

"To haɗa da ni! Haɗa da ni, tunda ka zama abin da ka zama!"

Yaya ya ja baya, bel na lilo a hannunsa. A daidai nan mutanen bakin ƙofa suka dare, Baba ya shigo.

Ya tsaya ya dubi gadon da ya karye, ya dubi jinin, ya dubi 'yarsa. Bai ɗaga murya ba, Baba ba ya ɗaga murya.

Kafinta da ya ji takunsa sai ya yunƙura, wai zai gaishe shi. Tarbiyya ce ta motsa, ta manta da wuya.

"Kada ka ɗaga kai!" Auta ta danne shi. "Ka gaishe shi da baki."

"Ina wuni, Baba," in ji Kafinta, idonsa a sama.

Baba ya kau da kai. Mai Motoci ya matsa kusa da shi, ya rage murya yadda kowa zai ji.

"Baba, ka dai gani da idonka. Wannan shi ne karatun da ake ta kashe wa kuɗi. Yau a tsakar gida, gobe a bayan labulen asibiti."

"Auta," in ji Baba. "Cika shi ki shiga ɗaki."

Tunda ta yi wayo ba ta taɓa bari Baba ya maimaita mata magana ba. Ta ji hannuwanta da kansu suna neman bin umarnin. Ta ƙara kafa gwiwoyin hannun a siminti.

"Baba, ka yi haƙuri."

"Me kika ce?"

"Ka yafe min, Baba. Ba zan iya ba." Kuka ya ƙwace mata, ga shi ba hannun sharewa, hawayen na ɗiga a goshin Kafinta. "Wallahi ba rashin kunya ba ce. Ko Yaya ne a kwance a nan haka zan riƙe shi. Ko wannan mai motocin ne. Ƙashin wuyansa nake jin ya tsage. In kansa ya juya ko kaɗan, hannu da ƙafa sun tafi, kuma a gidanka, kuma ɗanka ne ya tura shi. Kai ka kai ni makarantar nan, Baba. Kai ka ce in na koya in riƙe amana. Ga ta a hannuna, yaya zan yi in saki?"

"Ni nake miki magana."

"Na sani, Baba."

"A gaban mutane."

"Na sani. Ka yi min duk hukuncin da ka ga dama, amma bayan motar ta zo."

Baba ya yi shiru, haɓarsa na motsi. Mai Motoci kuwa, tunda ya ji an ambaci wanda ya tura da gidan da aka tura, sai ya tuna yana da baƙi a wurin sayar da motoci. Ya sulale, turarensa ya daɗe bai bi shi ba.

Shirun Baba shi ya ƙarasa haukata Yaya. A ganinsa an kunyata tsohon, kuma shi ne zai wanke kunyar.

"Baba na magana kina magana? Don wannan?"

Ya jefar da bel, ya durƙusa a gefenta, ya kama hannunta na dama yana ɓamɓara. Hannun Yaya na tsohon kafinta ne, mai kanta, wanda ya saba zare ƙusa daga katako. Ta manne. Ya sa farce a ƙarƙashin yatsanta na tsakiya, ya ɗago shi, ya tanƙwara shi baya.

"Yaya, hannuna! Yaya, gobe! Don girman Allah, Yaya, gobe!"

"Saki!"

"Ba zan saki ba!"

Ƙas.

Ƙarar ba ta da girma, kamar an karya busasshen kara. Amma kowa a tsakar gidan ya ji ta.

Auta ta ƙwalla ƙara har muryarta ta shaƙe. Duhu ya gilma mata. Cikin duhun abu ɗaya ta riƙe: kan nan. Ta zame tafin da ya lalace gaba, ta maye gurbinsa da wuyan hannu da damtse, ta matse. Yatsan na tsaye a karkace, yana kallon inda yatsa ba ya kallo.

Kan Kafinta bai motsa ba.

"Ya isa!" in ji Baba. A karon farko a rayuwarsa ya ɗaga murya, sai dai ya makara.

Yaya ya zauna daɓas a ƙasa yana kallon yatsan, bakinsa a buɗe. Kafinta na kuka kamar yaro, yana kiran sunanta, ita kuma tana ce masa, "Kada ka yi shessheƙa, wuyanka na motsi. Yi numfashi a hankali. Bi nawa."

A haka motar asibiti ta same su. Ma'aikatan suka ɗaura masa abin tallafin wuya, suka mirgina shi kan allo gaba ɗaya kamar gungume, suka ɗaure. Sai da babbansu ya dafa kafaɗarta ya ce, "Na karɓa, ƙanwata, saki," sannan ta saki. Hannun hagun ma ƙin buɗewa ya yi, sai da Umma ta miƙar mata da yatsun ɗaya bayan ɗaya.

Rana ta yi sanyi lokacin da likita ya fito da hotunan ƙashi guda biyu. Su Baba na zaune a benci a barandar asibiti, Yaya na tsaye can nesa ya juya wa kowa baya.

"Shi dai ƙashin wuya ya tsage, amma bai taɓa laka ba. Yana motsa yatsun ƙafa. Zai daɗe a kwance, amma zai tashi."

Umma ta fashe da kuka tana hamdala. Auta ta jingina kai da bango ta rufe ido. Daɗin da ta ji ya fi ƙarfin murmushi.

"Ke kuma," likita ya ɗaga ɗaya hoton, "kin iya karantawa, ba sai na ɓoye miki ba. Na ja shi ya koma wurinsa, amma karayar a bakin gaɓa take. Siminti zan sa miki har damtse."

"In ka sa min siminti ba za su bar ni in shiga ba."

"Shiga ina?"

"Jarabawar hannu. Gobe da safe."

Likita ya sauke hoton ya dube ta da kyau.

"Ki bari sai baɗi."

Auta ta juya ta kalli Baba. Umma ma ta kalle shi. Har Yaya ya ɗan waigo. Baba na kallon tafin hannunsa, ya tsufa a wuni ɗaya.

"Na gode wa Allah da ba a yi kisa a gidana ba," ya ce a hankali. "Abin da kika yi min a gaban mutane kuma na bar shi, ban riƙe ki ba. Amma maganar da na faɗa na faɗe ta. Ban ƙara ba, ban rage ba."

"Haba Malam!" in ji Umma. "Da wane hannun? Ɗanka ne fa ya karya!"

"Na sani."

"An ce naka ko ya ci namanka ba ya haɗawa da ƙashi. To ga naka ya tauna har ƙashin, kai kuma ka ce..."

"Na ce na sani."

Idonsa ya kawo ruwa, amma bakin bai sauya ba. Auta ta san shi. Yana so ya janye, bai san ta inda ake janyewa ba, don bai taɓa yi ba.

Ta miƙe.

"Likita, a ba ni filasta da auduga."

"Kin san abin da kike yi kuwa? In kika ɗaga ƙafar mutum da hannun nan gobe, ƙashin zai iya gocewa. In ya haɗe a karkace, yatsan ya sandare ke nan. Ke da hannu za ki ci abinci har ki tsufa."

"Na sani. Jibi ka sa min simintin, ko har kafaɗa ne."

"In ya kai jibin."

"A ba ni dai."

Ya girgiza kai, ya aika aka kawo. Ya miƙa hannu zai ɗaura mata, ta ce ya bari. Ta karɓa da hagu, ta taka har ƙarshen barandar, inda Yaya yake. Bayanta duk shatar bel, kowane taku sai rigar ta goge ta.

"Yaya."

Bai juyo ba.

"Yaya, kalle ni."

Ya juyo. Idonsa ya yi jawur, fuskarsa a jiƙe.

Ta ɗaga masa hannun. Ya kumbura har ya yi sheƙi, yatsan ya koma baƙi.

"A wurinmu, in yatsa ya karye ba a sa siminti ba, da ɗan'uwansa ake ɗaure shi. Mai lafiyar ya tallafi mai ciwon." Ta tura masa filastar a ƙirji. "Kai ka karya. Kai za ka ɗaure."

"Auta, ni... ban iya ba. Zan ji miki ciwo."

"Ka riga ka ji. Sa audugar a tsakani. Haɗa shi da manuni. Ka ja sosai, kada ka tausaya min yanzu."

Ya durƙusa a gabanta, ƙaton mutum, a tsakiyar barandar asibiti. Ya daɗe yana laluben bakin filastar da farce, ya kasa samu. Da ya samu ya haɗa yatsun biyu, ya zagaya sau ɗaya a sassauce.

"Ja," ta ce.

Ya ja. Ƙarar da ta yi ta sa Baba ya miƙe tsaye daga bencin, amma ba ta janye hannun ba.

"Ƙara," ta ce, haƙoranta a datse. "Gobe ƙafar mutum zan ɗaga da shi."